Musayar Jazz Bass da mai wuyan grafayit: in yi ko in bari?

Mai Bes na Bukuru: Salama jama'a. Shawara nake nema kafin in zo ina cizon yatsa. Ina da jitar bes, wato mai babbar murya, Fender Jazz Bass ƙirar Japan ta shekarun 1990, ita nake kaɗawa a coci da wuraren biki. Sauti dai ba a magana, wuyanta ne ya ishe ni. Hunturu na kamawa sai tsirkiyoyi su yi sama, yatsu su yi ta shan wuya. In na ɗaure turos-rod, wato sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, ta daidaita, damina na sauka kuma sai tsirkiya ta riƙa gogar firet na farko-farko, ƙarafan nan da aka gitta a kan wuya, tana ƙara, in sake sassautawa. Ga bakin firet yana leƙowa yana kartar tafin hannu. Yanzu wani dillali a Legas ya ce yana da bes ƙirar Steinberger, mara kan nan, ta grafayit zalla, wato zaren kabon ba katako ba, in ba shi tawa da ɗan ciko. Wai ko a firji aka sa ta ba ta motsi. In yi?

Alhaji Gwanjo: Kada ka tura komai tukuna. Ce masa ya ɗauko hotuna da rana, ba a cikin shago ba: gaba, baya, gadar da tsirkiyoyi ke zama a kai, da ƙarshen wuya. Steinberger ta gaske ba a ba da ita da "ɗan ciko". Araha ba ta ado.

Mai Bes na Bukuru: Na tura masa saƙo, Alhaji. Ya ce sai yaron shago ya dawo.

Baba Kafinta: Kafin yaron ya dawo, ɗana, bari in faɗa maka jitarka lafiyarta ƙalau. Tsirkiyoyi huɗu na bes suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana, ko kana kaɗawa ko tana rataye. Sandar ƙarfen da ke ciki tana ja ta ɗaya ɓangaren. Katako na tsakiya, shi kuma yana shan danshi yana fitarwa muddin yana duniya. Masu ƙera jita suna so danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55. Mu nan da hunturu yakan faɗi ƙasa da 20, a Agusta ya haura 70. Allon da firet ke kai yawanci ba shi da fenti, shi ke fara tsukewa. Ƙarfen firet kuwa ba ya tsukewa, shi ya sa bakinsa ke leƙowa. Wannan aikin magagari ne mai laushi, a yi shi a tsakiyar hunturu lokacin da katako ya gama tsukewa, da wuya ya sake damunka. Juya turos-rod sau biyu a shekara kuwa ba ciwo ba ne, don haka aka saka shi.

Anti Barnawa: Baba ya gama magana. Ni tawa Yamaha ce, alankin juya turos-rod yana cikin jakarta kullum. Ka danne tsirkiyar E, wato mafi kauri, a firet na farko da na ƙarshe, ka leƙa tsakaninta da firet na 7 ko 8. In katin waya ɗaya ya shige yana ɗan gogawa, wajen milimita 0.3 ke nan, ka bar ta. In za ka juya, kwata kawai, ka bar ta ta kwana. Minti nawa wannan zai ci maka da har za ka rabu da Fender?

Injiniya Situdiyo: Ranka ya daɗe Baba, ban ƙi taka ba, amma kada mu rage wa grafayit daraja don muna son katako. Abin yana aiki. Zaren kabon ne ake shimfiɗawa hawa-hawa a cikin mazubi, a jiƙa shi da gam mai tauri, a gasa har ya zama abu guda. Ba ya shan ruwa, ba ruwansa da hunturu. Wanda ya kawo shi harkar bes, Geoff Gould, makaɗin bes ne da ke aiki a wani kamfanin ƙera kayan tauraron ɗan'adam a Kaliforniya, inda ake amfani da kabon saboda rashin nauyi da tauri. Ya kai shawarar wurin Rick Turner na kamfanin jita na Alembic, suka nuna ta farko a 1977, shi Gould kuma ya kafa kamfanin Modulus a 1978. Ned Steinberger ya ɗauki abin ya wuce gaba, ya yi L2 wajen 1980: wuya da jiki duk zubi ɗaya, ya cire kan gaba ɗaya ya mayar da maɗaurin tsirkiya can gindi. A Ingila Rob Green ya fara ƙera Status a 1981, ita Mark King na ƙungiyar mawaƙa ta Level 42 ya daɗe yana riƙewa. Akwai kamfanin Zon ma. Waɗannan mutanen ba wasa suke yi ba.

Abin da ya fi burge ni ba maganar yanayi ba ce. Ɗauki Jazz ɗinka yanzu, ka kaɗa tsirkiyar G, wato 'yar siririyar, a firet na 5, 6, 7, ka saurara. A ɗaya daga cikinsu sauti zai mutu da wuri, ba zai ja ba. Wuyan ne ke girgiza daidai da wannan muryar yana shanye ƙarfinta. Kusan duk bes mai siffar Fender tana da wannan mataccen wurin. Wuyan grafayit ya fi tauri, sai wurin ya matsa sama ko ya ragu har ka daina lura. A wajen ɗaukar sauti wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai Bes na Bukuru: Kai! Na gwada yanzun nan. Firet na 7 ne. Shekara da shekaru ina zaton tsirkiya ce ta tsufa.

Anti Barnawa: To ga shi Injiniya ya ƙara maka damuwar da ba ka da ita jiya. 😂 Wa ya taɓa tsayar da kai bayan sujada ya ce D ɗinka, muryar firet na 7 ɗin nan, ta mutu da wuri? Ni na taɓa riƙe Status ta wani baƙo da ya zo taro. Tsaf take, amma tsaftar ta yi mini yawa. Duk motsin yatsa sai ya fito, ko numfashi ka yi kamar za a ji a sifika. Kiɗan coci yana son bes mai kauri da ɗumi, ta zauna ƙarƙashin mawaƙa, ba mai ƙyalli ba.

Injiniya Situdiyo: Anti, abin da kika ji rabinsa ba daga wuyan jitar ba ne. Yawancin waɗannan jitocin suna zuwa da fikof, wato na'urar da ke ɗauko sautin tsirkiya, masu batir, na EMG ko Bartolini, da sababbin tsirkiyoyi masu kaifi. Sa wa Fender irinsu ki ji ko ba za ta yi ƙyalli ba. Wanda ke son gwaji na adalci ya nemi Music Man Cutlass ta farkon shekarun 1980: jiki da fikof duk na StingRay, wata bes ta kamfanin nasu, wuya kaɗai aka sa na Modulus. Nan ne za a san abin da wuya ya ƙara da abin da bai ƙara ba.

Anti Barnawa: Ka kawo ta Kaduna mu gwada, tunda a bakin titi ake tsintar ta.

Ɗan Yamai: Sannunku da hira. Ni abin da zan ce ma abokina na Bukuru, tun ba a kai ga sauti ba, shi tambayi kansa inda za shi samu tsirkiya. Mara kan nan tana son tsirkiya mai ƙulli a baki biyu. Nan Yamai ba ka samun ta, sai ka yi saƙo Faransa ko ka jira mai zuwa. Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙarshen wuya don ta karɓi tsirkiya ta kowa, amma shi ma sai an nemo. Ranar da G ta tsinke maka ana tsakiyar biki, wa za ya ba ka aro? Sannan masu cewa ba ta jin komai, a bar ta cikin but ɗin mota a watan Afrilu a gani. Baƙa ce, tana kwasar rana, ka ɗauka ta ƙone maka hannu, kuma gam ɗin da ya riƙe zaren ba ya son zafi mai tsanani.

Baba Kafinta: Ɗan Yamai ya taɓo inda nake so. Injiniya, faɗa masa ɗaya gefen mana. Steinberger L2 ba ta da turos-rod. Tsofaffin Modulus ma babu, sai daga baya suka fara sakawa. Masu yin sun ce ba a buƙata tunda ba ya motsi. To, lanƙwasar da aka zuba shi da ita, ita ce taka har abada. In kana son tsirkiya ƙasa-ƙasa ko ka sauya kaurin tsirkiya, ba abin da za ka juya. In kuma aka yi rashin sa'a wanda ka samu ya ɗan ba da kai bayan shekara 40, ni dai ba ni da maganinsa, sai dai a ci firet a daidaita ta sama. Na katako kuwa in ya lanƙwashe ina da hanya uku ko huɗu: in gasa shi a matse, in fere allon, in sauya sandar, in ya ƙi duka in yi sabo. Allon firet na grafayit ma ba katako ba ne, wani abu ne mai tauri da aka matse da gam, cire firet a kansa sai ya riƙa ɓantarewa.

Injiniya Situdiyo: Wannan gaskiya ne, na karɓa. Shi ya sa duk mai sayen tsohuwa ya auna lanƙwasar wuya da hannunsa kafin kuɗi su fita.

Mai Bes na Bukuru: Hotuna sun iso, na saka su a sama. Ku duba mini.

Alhaji Gwanjo: Na gani. Ɗana, buɗe hoto na uku ka ƙara girmansa, ka karanta abin da ke jikin gadar. An rubuta "Licensed by Steinberger Sound". Wanda ya yi abu da kansa ba ya rubuta cewa an ba shi izini. Wannan ƙirar kamfanin Hohner ce, B2 ko B2A, an goge sunan da ke fuskarta. Katako ce tun daga sama har ƙasa, an shafe ta da baƙin fenti. Duba hoto na biyar, ga ramin turos-rod nan a fili. Duba kuma gefen da fenti ya ɗaye kusa da maƙalin ɗamara, farin katako ne ke leƙowa. L2 ta asali fuskarta faranti ne daban da aka ɗaure da sukurori, fikof ɗinta EMG, a bayanta akwai wani faranti mai juyawa da ake maƙala ɗamara. Ko ɗaya babu a nan.

Ba na ce jitar banza ce ba. Hohner ta yi su da izini a shekarun 1980, suna kiɗa lafiya, ga sauƙin ɗauka a kan babur. Haka Spirit, wadda ake yi da sunan Steinberger bayan Gibson ta sayi kamfanin a 1987, ita ma katako ce. Amma kuɗin biyu ko uku irinta ba su kai Jazz ɗinka ba, kuma shi ne har yake neman ciko.

Anti Barnawa: Innalillahi. Wato da ka ba da Fender ka karɓo wuyan katako, hunturu ya zo ya same ka inda ya bar ka.

Mai Bes na Bukuru: Jikina ya yi sanyi. Na kira shi, wai shi ma haka aka sayar masa a cikin kwantena.

Alhaji Gwanjo: Zai iya yiwuwa. Da yawa masu kayan gwanjo ba su san abin da ke hannunsu ba, duk baƙar jita mara kai grafayit ce a wurinsu. Kuma rashin sanin nan kaifi biyu gare shi, ta nan muke ci. Na taɓa ɗaukar Tokai Hard Puncher a cikin tarin kayan Beljiyam, an jingine ta da fanka da tsofaffin rediyo, mai kayan yana ganin tunda ba a rubuta Fender ba ai jabu ce. Alhali kwaikwayon da Japanawa suka yi a ƙarshen shekarun 1970, Tokai da Greco da Fernandes, shi ya tayar wa Fender hankali har ta buɗe reshen Japan a 1982, masana'antar Fujigen na ƙera mata. Na farkon nan masu lamba JV yau masu tarawa rububinsu suke yi.

Tunda an zo nan, ga abin da nake dubawa in an kawo mini Fender. Ina kwance sukurori huɗun nan in cire wuya in ga hatimi ko kwanan wata a gindinsa da cikin ramin jiki. Ina buɗe wajen maɓallan murya in karanta lambar da ke bayansu: a ƙirar Amurka in ta fara da 137 na kamfanin CTS ne, mai ƙera maɓallan, lambobin da ke biye shekara ce da mako. In wuya ya ce 1978 maɓalli ya ce 1995, an taɓa ta, sai a yi ciniki a kan haka. Ƙirar Meziko lambarta MN ta shekarun 1990 ce, MZ ta shekarun 2000. Tambarin da ke kan jita kuwa shi ne abu na ƙarshe da nake yarda da shi, don sitika ce, kowa na iya bugawa. Masu kuɗin gaske suna bin waɗanda aka yi kafin kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, amma wannan ba kasuwarmu ba ce, duk wanda ya kawo maka irinta a Sabon Gari da araha ka riƙe aljihunka.

Ɗan Yamai: Alhaji, Tokai ɗin tana nan? Ina tambaya ne don wani abokina.

Alhaji Gwanjo: Ka gaishe da abokin naka, ka ce masa ba ta sayarwa ba ce.

Injiniya Situdiyo: Mai Bes, in har zuciyarka na kan grafayit, akwai hanya ta tsakiya. Wuyan Fender da sukurori aka ɗaure shi, faɗin raminsa inci 2.5 a mai tsirkiya huɗu. Kamfanonin Status da Moses sun yi wuyan grafayit masu shiga wannan ramin, ana samun na hannu a intanet. Ka cire naka ka ɗaura wancan. Sai dai huda shi ba irin huda katako ba ne, sukuru ba ya cin kabon yadda yake cin itace, gara a dasa masa mazaunin noti na ƙarfe.

Alhaji Gwanjo: In ka yi haka kada ka kuskura ka sayar da tsohon wuyan. Lambar ƙirar Japan a bayan wuya take, can kusa da gindi. Ranar da ka raba su, jikin ya zama marar takarda, ni kaina rabin kuɗi zan taya. Naɗe shi a ajiye, a sassauta masa sanda.

Baba Kafinta: Ko kuma a haɗa biyun, wanda shi nake yi yanzu. Fender kanta tun 1995 take dasa sandunan grafayit a cikin wuyan katako na bes ɗinta ƙirar Amurka. Vigier ta Faransa ma ta yi nata, kashi 10 kabon kashi 90 katako. Akwai wuya a kan bencina yau, na mai tsirkiya biyar. Na tsaga katakon gida uku, na juya na tsakiya ya saɓa wa na gefe, don in ɗaya ya so karkata hagu ɗaya ya ja shi dama, na manne. Na fere rami uku a tsawonsa: na tsakiya na turos-rod, biyu na gefe na sandunan kabon, kowanne bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Na cika su da gam mai haɗi biyu, na danna sandunan har gam ya tofo ta gefe, na shafe, na rufe da allon firet. Ka ɗauke shi ka ƙwanƙwasa da ƙumba ka ji yadda yake amsawa. Yana motsi da hunturu, amma kaɗan, kuma sanda tana nan in ana so a juya.

Gargaɗi ga mai son gwadawa: ƙurar kabon mugun abu ce. Tana shiga huhu, tana sa ƙaiƙayi, kuma wutar lantarki na bi ta cikinta, in ta shiga injin huda sai ta haɗa masa waya. A yanka da zarton ƙarfe, a jiƙa wurin, a rufe hanci.

Anti Barnawa: Baba, da wane katako? Na ɗauka sai an yi odar na Turai.

Baba Kafinta: 'Yata, Turawan ai daga nan nahiyar suke kwasa. Warwick ta Jamus da me ta yi suna? Wenge da bubinga na dazukan Kamaru da Gabon da Kwango, da afzelia, dangin kawo ɗinmu. Maɗaci ɗan'uwan mahogani ne, yana yin jiki mai kyau, sai dai nauyi, dole a rage kauri ko a rarake ciki in ba so kake kafaɗa ta tsinke a tsayuwar awa uku ba. Madobiya tana yin allon firet mai kyan gaske. Ita ce 'yan katako ke kira madrid, wadda aka yi ta lodi daga Taraba zuwa Sin har ta shiga jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin itatuwa da namun dawa masu barazanar ƙarewa, a 2017, aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Ni ba na sayen sabon yanka. Tsofaffin ƙofofi da ƙafafun gado nake bi, waɗanda suka ga hunturu talatin sun gama duk motsin da za su yi. Matsalar katakon kasuwa ba iri ba ce, ɗanye ne. Ƙa'idar da muka gada ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri, a inuwa, an jera da tsinke a tsakani.

Ɗan Yamai: Baba, firet fa? Nan ne ni kullum nike tsoro. Wani ya yi mini wuya a nan, kyau kamar me, amma daga firet na 9 zuwa sama duk murya ta kauce.

Baba Kafinta: Da ido ya auna, ko ya kwafa daga wata jitar da tef ɗin tela. Lissafi ne. Tsawon tsirkiya a bes irin ta Fender inci 34 ne, wato milimita 863.6. Raba da 17.817, ka samu 48.5, nan ne firet na farko. Cire shi daga tsawon, abin da ya rage ka sake rabawa da 17.817, ka samu 45.7, tazarar na biyu ke nan. Haka har ƙarshe. In ka yi daidai, na 12 zai faɗo a 431.8, rabin tsawon cif. Kuma kowane firet ka auno shi daga sama, kada ka auna daga na kusa da shi, don kuskuren rabin milimita in ya taru sau goma ya zama abin da kunne ke ji. Turo mini hoton naka da ruler a kai. In ramukan ne suka kauce, allon kaɗai za a ɓamɓare a sa wani, wuyan bai mutu ba.

Injiniya Situdiyo: Baba, in ka gama mai biyar ɗin nan ina so a kawo ta situdiyo. Mu ɗauki G a firet na 5 zuwa 7, ita da Jazz ɗin Bukuru, amfilifaya ɗaya, tsirkiya iri ɗaya, mu saka a nan ba tare da an faɗi wacce ce wacce ba. Anti ta zaɓi mai ɗumin.

Anti Barnawa: Na yarda, amma ni zan kaɗa, kuma ba za a taɓa maɓallin komai ba bayan na zauna.

Baba Kafinta: Sai bayan sallah, fenti bai bushe ba, kuma maɗauran tsirkiya biyar ɗin har yau suna hanya daga Legas. Wanda ke da saiti na hannu, baƙi ko fari, ya yi mini magana ta gefe.